Dodon Waya Ba Shi Da Ƙurunƙus

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a kan wani wasa da ya shigo hannun yara, har da mu manya. Watau wasan nan na ban tsoro da ake yi cikin wayar hannu, inda za a kulle mutum a gida mai duhu, a sako masa abin da zai kama shi, a ce ya nemi hanyar fita da dabararsa. A unguwarmu ta Gangaren Tudu, nan Keffi, sau da yawa in ka wuce rumfar mai cajin waya da almuru za ka ga yara biyar ko shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya, wani na dannawa, sauran na ba shi shawara, can sai ka ji sun kwashe da ihu gaba ɗaya. Tun da yake su ne za mu tarar a aji gobe, lalle ya kamata mu san abin da suke kallo.

Irin wannan wasa ya daɗe. A shekarar 1996 kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fito da Resident Evil, inda ake jefa mutum cikin ƙaton gida mai ƙofofi a kulle, da harsashi kaɗan a hannunsa. A 2014 wani Ba'amurke, Scott Cawthon, ya yi Five Nights at Freddy's. A nan kai ne mai gadin wani gidan cin abinci, daga sha biyun dare zuwa shida na safe, kuma wutar lantarkinka ƙididdigaggiya ce. In ka yi almubazzaranci da ita wajen rufe ƙofa da kunna fitila, ta ƙare, to, ka shiga uku. Mutumin Keffi dai ba ya bukatar a yi masa bayanin ɗaukewar wuta. Sa'an nan a 2017 aka fito da Granny, wanda na fi gani a hannun yaranmu. Ka farka a gidan wata tsohuwa, an ba ka kwana biyar ka fita. Sai ka nemo makullai da guduma da filaya ka buɗe ƙofar gida, in kuwa ka yar da wani abu ya yi ƙara, ta ji, ga ta nan tafe da kulki, sai ɓuya ƙarƙashin gado ko cikin kabad.

Waɗansu daga cikinmu sun ce maganin abin a ƙwace wayar kurum, domin tsorata yaro ba shi da amfani. Ni ban yarda da haka ba. Wane ne a cikinmu bai san Dodo ba? Tun kafin wayar hannu ta GSM ta zo Nijeriya a 2001, kai, tun kafin a san boko, kakanninmu suna tara jikoki a tsakar gida da dare suna ba su labarin Dodo mai haɗiye mutane, da Gizo mai wayo da matarsa Ƙoƙi, a haɗa da kacici-kacici. Watau tsoro da wasa ƙwaƙwalwa a zama ɗaya, kuma ba mu lalace ba. Har wani Bature, Frank Edgar, ya tattara tatsuniyoyin nan ya buga littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Wasan waya ma yana da nasa amfani. Yaron da ya fita daga gidan tsohuwar nan ya riƙe fasalin gida a kansa, ya tuna inda ya ga kowane abu, ya gane wanda ake fara yi kafin wani, ya kuma koyi haƙuri bayan an kama shi sau goma. Ashe ba waɗannan muke wahalar koyarwa a darasin lissafi ba?

Amma fa zuma da zaƙi da harbi. Bambancin tatsuniya da wasan waya babba ne, shi ne kuwa dalilin wannan takarda tawa. Kaka in tana ba da labari tana kallon fuskokin jikokinta. Da ta ga ƙaramin ya fara maƙale wa yayarsa, sai ta sassauta murya, ta sa Gizo ya yi wa Dodo wayo, a yi dariya. Waya ba ta ganin fuskar kowa. Abin da za ta nuna wa ɗan shekara ashirin shi za ta nuna wa ɗan shekara shida. Ku duba kuma wani abin mamaki: a gidajenmu tsohuwa ce mai korar Dodo, a wasan nan kuwa tsohuwar ce Dodon.

Bayan haka, tatsuniya tana da lokaci, tana da iyaka. Manya sun hana yin ta da rana don kada ta cinye lokacin aiki, kuma in ta ƙare a ce ƙurunƙus, kowa ya nufi shimfiɗarsa. Dodon waya ba shi da ƙurunƙus. In an kama ka, sai a ce sake gwadawa. In ka fita, sai a sauya wuraren makullan, ka koma. Yawancin waɗanda ake saukewa kyauta da tallace-tallace suke samun kuɗi, saboda haka daɗewarka a ciki ita ce ribarsu. Likitoci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kwana. Wanda ya kai tsakar dare yana gudun tsohuwa, zuciyarsa na bugawa, da safe gyangyaɗi zai yi mana a benci, mu kuwa mu ce daƙiƙi ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin kwamfuta da waya cikin jerin cututtuka, watau in wasa ya fi ƙarfin mutum har ya ture karatunsa da harkokinsa, ya kuma daɗe a haka kamar shekara guda. Ba kowane mai wasa ke kaiwa nan ba, amma rigakafi ya fi magani.

To, mene ne abin yi? A ganina malami ya hau kujerar kakar nan, shi ne zai kalli fuska, shi ne zai ce ƙurunƙus. Da farko ya san wasan da kansa, domin ba a yi wa yaro hukunci a kan abin da ba a gani ba. Ya nuna wa iyaye cewa a inda ake sauke kowane wasa an rubuta shekarun da ya dace da su, su riƙa dubawa kafin su miƙa wa ƙarami waya. Ya roƙe su su yanka lokaci, a yi wasa da la'asar a gaban mutane, in dare ya yi waya ta kwana a ɗakin uwa ko uba.

Sa'an nan ya jawo abin cikin aji. Idan muka fita koyarwa ta gwaji, mu sa yara su zana taswirar gidan da suka tsere daga ciki, su rubuta insha'i da Hausa su faɗi matakan da suka bi ɗaya bayan ɗaya. Daga nan mu ce kowa ya je wurin kakarsa ya kawo tatsuniyar Dodo ɗaya da kacici-kacici biyu, a gwada wanda ya fi wuyar warwarewa. Masu karatun kwamfuta a cikinmu kuma ina ƙalubalantarsu su ƙago mana wasan Gizo a gidan Dodo, da harshenmu, wanda zai ƙare in lokacin barci ya yi.

Daga ƙarshe ina tunatar da 'yan'uwana mazauna ɗakunan kwana: wanda hasken wayarsa ke fitowa daga ƙarƙashin bargo ƙarfe biyun dare ba shi da bakin da zai hana ɗan aji uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai mai tanƙwarawar ya tsaya da ƙafafunsa tukuna. Wanda yake da wani ra'ayi dabam, ga fili, ya amsa mini a fitowa ta gaba.