"Rana Ɗaya Aka Haife Mu": Raddi Ga Masu Neman Daraja A Cikin Kalanda

Godiya ta tabbata ga Allah Mai jujjuya dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata ɗabi'a ta shigo cikin samarinmu da 'yanmatanmu, musamman waɗanda suka taɓa boko, kuma an fi ganinta a nan Dutsin-Ma, garin da ya cika da ɗalibai tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, sannan ga ta tana tsallakawa zuwa Kurfi da ƙauyukan da ke tsakani. Da zarar ranar haihuwar mutum ta zagayo, sai ya ciro jerin sunayen mashahuran da aka haifa a irin wannan rana, ya jera hotonsa kusa da nasu, ya watsa wa abokai a waya. Da abin ya tsaya a raha da ban ɗauki alƙalami ba. To amma sai ka ji an ɗora da cewa, "shi ya sa nake da zuciya irin tasa", ko "mu 'yan watan kaza da ma haka muke." Da wannan kalma an bar fagen wasa an shiga fagen aƙida, ko mai maganar ya sani ko bai sani ba.

Bari in fara da hujjar da ta fi kowace ƙarfi a hannun masu wannan ra'ayi, tunda ta gida ce. Marigayi Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, an haife shi ranar 5 ga Maris 1943. Olusegun Obasanjo kuma ranar 5 ga Maris 1937 ce a takardunsa. Dukansu sojoji ne. Bayan kisan Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, ɗaya ya zama shugaban ƙasa, ɗaya ya zama na biyunsa, kuma tare suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a 1979. A 1995 gwamnatin Abacha ta ɗaure su duka biyu kan zargin juyin mulki. Mai son gaskata taurari zai ce, to Malam, me ya rage?

Abin da ya rage shi ne ƙarshen labarin, wanda ba a son karantawa. Shehu Musa ya rasu yana tsare a Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997, Allah Ya jiƙansa. Obasanjo ya fito a 1998, aka rantsar da shi shugaban ƙasa ranar 29 ga Mayu 1999, ya yi shekara takwas a kan mulki. In rana ce ta haɗa su a kurkuku, wace rana ce ta raba su a ƙofarsa? Sannan shi Obasanjo da bakinsa ya sha faɗa a bainar jama'a cewa bai san ainihin ranar da aka haife shi ba. Abin da mahaifiyarsa ta riƙe kawai shi ne ranar kasuwar Ifo ce. Ashe rabin hujjar a kan ranar da aka zaɓa da hannu aka gina shi. Kai, ko da mun sallama cewa ranar daidai ce, ka mayar da ita lissafin Hijira ka ga abin da zai faru: 5 ga Maris 1937 ta faɗa cikin Zulhijja 1355, ita kuwa 5 ga Maris 1943 ta faɗa ƙarshen Safar 1362. Wata biyu da ɗoriya ke tsakani. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka mutum biyu da kalandar Miladiyya ta haɗa, in ba shekara ɗaya aka haife su ba, yawanci kalandarmu raba su take yi. Wace ce daga cikin biyun ke rubuta ƙaddara?

Wani abin da ke ƙona mini rai a wannan wasa shi ne zaɓe. Kowa na ciro wanda yake so daga jerin, ya rufe ido ga sauran. Wanda aka haifa ranar 16 ga Agusta a jihar nan zai yi alfahari da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda aka haifa a wannan rana a 1951, kuma ya cancanci a yi alfahari da shi. Amma ba zai gaya maka cewa Menachem Begin, wanda ya shugabanci gwamnatin Isra'ila lokacin da ta mamaye Lebanon a 1982, shi ma ranar aka haife shi a 1913 ba, haka mawaƙiyar nan ta Amurka, Madonna, a 1958. Marigayi Muhammadu Buhari da Fafaroma Francis duk 'yan 17 ga Disamba ne, duk kuma sun bar duniya a 2025. Ɗaya soja daga Daura, ɗaya limamin Kirista daga Ajantina. Sai a faɗa mini halin da ranar ta raba musu.

Na ajiye mafi nauyi a nan. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, an haife shi a Maratta a ƙarshen Safar 1168, wanda masu lissafi suka mayar 15 ga Disamba 1754. Duk shekara za ka ga masu wannan rana suna taƙama da Shehu. To, buɗe jerin nan dai ka gangara sama. Sunan da za ka tarar kusa da farko shi ne Nero, sarkin Rum, haifaffen 15 ga Disamba shekara ta 37 Miladiyya: mutumin da ya sa aka kashe mahaifiyarsa a shekara ta 59, ya ɗora wa mabiya Annabi Isa (AS) laifin gobarar birnin Rum a shekara ta 64 ya yi ta azabtar da su, daga baya ya kashe kansa. Wa zai iya buɗe baki ya ce akwai wata jijiya da ta haɗa wannan azzalumi da malamin da ya yi shekaru yana yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi, yana faɗa da sarakuna kan zalunci, yana faɗa da maza kan barin matansu cikin jahilci? Idan ka ce babu, to ka rushe ginin da hannunka, domin ba ka da ikon karɓar Shehu ka mayar da Nero alhali ƙofa ɗaya suka shigo. Wannan ma ban tsaya kan cewa ranar Nero da tsohuwar kalandar Rumawa aka rubuta ta ba, wadda aka gyara a 1582 aka tsallake kwana 10, Ingila kuwa ba ta bi gyaran ba sai 1752, shekara biyu kacal kafin haihuwar Shehu.

Shi kansa daidaituwar ranakun ba abin mamaki ba ne ga wanda ya yi lissafi. Ranakun shekara 365 ne, mutanen duniya sun haura biliyan 8. Raba ka gani: kowace rana tana da kimanin mutum miliyan 22. Masana lissafi sun tabbatar da cewa in mutum 23 kawai suka taru a ɗaki, yiwuwar a sami biyu masu rana ɗaya ta ɗan haura rabi. In suka kai 57, ta kai kashi 99 cikin ɗari. Wato kusan kowane cikakken aji na Islamiyya a garin nan yana da irin waɗannan tagwayen kalanda, ɗaya ya haddace izu goma, ɗaya har yanzu yana fama da baƙaƙe. Kama da wane ba ta wane.

Kada wani ya yi mini gaggawa. Ba maganar Maulidi nake yi ba. Wannan mas'ala ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, kowane ɓangare da manyansa, kuma ba nan ne wurinta ba. Haka nan ban ce wanda ya lura cewa ranarsa ta dace da ta wani ya yi zunubi ba. Abin da nake yaƙa shi ne jingina hali da rabo ga ranar. Wannan tanjimi ne, duba da taurari, ko an sa masa rigar Turanci ko an bar shi a faifan ƙasa na ɗan duba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Da akwai wanda ya cancanci sama ta yi masa alama, ai ɗan Annabi ne. Amma Manzon Allah (SAW), yana cikin zafin rashin ɗansa, ya tashi ya bayyana wa mutane cewa rana da wata ayoyin Allah ne, husufinsu ba ya rataye da mutuwar kowa ko rayuwarsa. A Hudaibiyya kuma, bayan ruwan sama da aka yi da dare, ya sanar da sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga tauraro ya kafirce wa ni'imar Ubangijinsa ya gaskata tauraro. In an hana jingina ruwan sama ga tauraro, ina ga jingina zuciyar ɗan Adam da makomarsa?

Dubi kuma yadda magabata suka ɗauki lamarin. Ranar haihuwar fiyayyen halitta (SAW), abin da ya inganta daga bakinsa shi ne Litinin ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito a bayanin azumin Litinin. Kwanan watan kuwa malaman sira sun saɓa: wasu 2 ga Rabi'ul Awwal, wasu 8, wasu 9, wasu 10, mafi shahara 12. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya tara sahabbai don kafa kalanda, an kawo shawarar a fara ƙirga daga haihuwar Annabi, an kawo ta aiko shi, an kawo ta wafatinsa, suka tsaya kan Hijira, wato kan aiki. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan, an saɓa ko a shekarar haihuwarsa, mafi shahara 93, amma ba a saɓa ba cewa ya rasu a 179. Ibn Khallikan, wanda ya rasu a 681, da ya tashi tara tarihin manyan mutane sai ya sa wa littafinsa suna Wafayatul A'ayan, wato rasuwar manya. Dalilin a bayyane yake: ranar da aka haifi jariri ba wanda ya san abin da zai zama, ranar da ya rasu kuwa an rufe littafi, ana iya karantawa.

Har irin wannan wasan daidaita ranaku an taɓa gwada shi a kan manyanmu. Imam Shafi'i an haife shi a 150, shekarar da Imam Abu Hanifa ya rasu. Sai wasu masu son ƙawata labari suka ƙara da cewa a rana ɗaya ne ma, wannan ya fita wancan ya shigo. Imam Baihaƙi, wanda Bashafi'e ne na ƙin ƙarawa kuma ya rubuta littafi guda kan darajojin Shafi'i, bai karɓi wannan kwalliya ba. Ya tabbatar da shekarar, ya ce ranar ba ta tabbata ba. Wannan shi ne malami. Yana ƙaunar imaminsa, amma bai yarda ya yi masa ado da abin da bai inganta ba.

Iyayenmu Hausawa ma a kan wannan turba suke. Sun riƙe ranar mako, suka ce Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe da Larai, Ɗanlami, Jummai, Asabe. Suka riƙe yanayi, suka ce Azumi, Sallau, Marka, Anaruwa. Shaida ce ta lokacin da baƙo ya iso, ba hukunci kan halinsa ba. Ba wanda ya taɓa cewa duk Ɗanjuma na gari ne don an haife shi a shugabar ranaku. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shekarar haihuwarsa kawai ake ambata, ita ma kintace ce. Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Malam Muhammadu Na Alhaji da tutar da suka ɗauko aka san su. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani da karatunsu aka san su.

Akwai kuma wani ɓangare da ya kamata mu ji kunyarsa, mu da muke riƙe da rajistar makaranta muka fi kowa saninsa. Ka buɗe littafin shiga na ɗalibai ka ga yadda 1 ga Janairu ta cika shafi, kamar dukan matan yankin a dare ɗaya suka haihu. Ba haka ba ne. An haifi yaro a gida, an yanka rago ranar suna, ba wanda ya rubuta komai, sai da ya zo jarrabawa ko katin ɗan ƙasa aka laluba masa rana. Wannan uzuri ne ga iyayen da ba su yi karatu ba. Wanda ba shi da uzuri shi ne ɗan boko da ke zuwa kotu ya rantse kan shekarun da ya san ƙarya ne, ya yanke uku ko biyar don neman aiki ko tsawaita shi, sannan duk shekara ya yanka kek a ranar da ya saya da rantsuwar ƙarya, ya jera hotonsa kusa da na Shehu. Rantsuwar ƙarya da gangan tana cikin manyan zunubai, kuma gurbin da ya tare na wani ne da shekarunsa suka cancanta.

Alhali Shari'a tana da buƙatar kwanan wata a wurare na gaske. Da shi ake gane shekarun da za a fara umartar yaro da salla, da shi ake ƙirga idda, da cikar shekarar zakka, da wanda ya riga wani rasuwa a rabon gado, kuma alƙalai sun san yawan rigimar da rashin rubutu ke jawowa a wannan babi na ƙarshe. Duk uban da aka yi wa haihuwa a Dutsin-Ma ko Kurfi, ya rubuta ranar a lissafin Hijira da na Miladiyya kafin ranar suna, ya je ofishin Hukumar Ƙidaya ya karɓo wa jaririn takardar haihuwa. Limaman da ke raɗa suna su riƙa tambaya ko an rubuta kafin a shafa fatiha, masu yin sallar jana'iza su ma su sa a rubuta ranar rasuwa kafin a watse daga maƙabarta.