Ina Labarin Matan Kuza a Tarihin Jos?

Malam Edita,

Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin Jos sai a kawo Turawan kamfanonin kuza, da jirgin ƙasan da ya iso daga Zariya a 1914, da sarakuna. Mata fa?

Tsofaffinmu na Gangare da Bukuru sun san amsar. Matan Birom da sauran 'yan ƙasa sun yi dakon ƙasar kuza a kwano bisa kai, daga ƙasan rami zuwa wurin wanki, wata da goyo a baya, cikin sanyin Filato mai ratsa ƙashi. Matan Hausawa kuwa su suka ciyar da barikoki. Tun asuba an hura wuta, waina na soyuwa a tanda, ga koko da ƙosai, lebura ya ci bashi sai ranar biya. Da aka kwaso dubban maza aikin tilas tsakanin 1942 da 1944, wa ya riƙe gidaje da gonakin da suka bari? Wannan tambayar ta daɗe tana damuna.

Gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002 ma ta cinye jarin mata masu yawa, amma labarinsu bai kai takarda yadda ya kamata ba.

Ina roƙon Jami'ar Jos da Gidan Tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, su tura ɗalibai unguwa-unguwa su naɗi muryar iyayenmu mata tun suna raye. Ku ma ku ware musu shafi a jaridarku.

Wassalam,
Mai karatunku daga Gangare, Jos