Aseton ba ya tsarkake kayan aikin ido

A makarantar horon malamai ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa wanki daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Wannan bambanci ya fi nauyi idan maganar ido ce.

A wasu wuraren aikin ido, musamman a Indiya, an daɗe ana tsoma almakashi da ƴan wuƙaƙen tiyata cikin aseton tsakanin mara lafiya da na bayansa. Aseton shi ne ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi. Yana da araha, yana narkar da maiƙo, yana bushewa nan take, tun da a digiri 56 yake tafasa. Ƙarfe ya fito yana walƙiya, ga layi ya yi tsawo, sai a kira na gaba.

To amma araha ba ta ado. Akwai ƙwayoyin cuta da ke lulluɓe kansu da ɓawo mai tauri, aseton ba ya kashe su, alkol ma haka. Idan ƙwaya ta shiga cikin ido lokacin cire yana, ido na iya yin ruwa ya mutu cikin ƴan kwanaki. Mutum ya zo neman gani, ya koma gida da makanta. Jinin da ya maƙale a ƙarfe kuma yana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida zuwa jikin wani.

Hanyar da aka tabbatar ita ce a wanke kayan tas, sannan a sa su cikin tukunyar tururi mai matsi da ake kira otokilab: digiri 121 na aƙalla minti 15, ko digiri 134 na minti 3. Tanda mai busasshen zafi kuwa tana buƙatar digiri 160 har awa 2.

Maganar ta shafe mu. A jihohin Maraɗi da Damagaram an yi wa mutane da yawa aikin gashin ido mai juyawa ciki, kuma ayarin likitoci na zuwa cire yana kyauta. Aikin alheri ne, ina ƙarfafa kowa ya kai tsohonsa. Amma kyauta ba ta hana tambaya.

Wani zai ce ba wuta a ƙauye, ga mutane ɗari suna jira. Akwai otokilab da ake ɗorawa a kan gas ko risho. Gara a yi wa mutum 30 aiki da kaya tsarkakakku da a yi wa 60 da kayan da aka tsoma kawai.

Iyaye, ku tambaya cikin ladabi: “Likita, yaya ake tsarkake kayan nan?” Mai aikin ƙwarai ba zai ji haushi ba, zai ma nuna muku tukunyar. Malamai ƴan uwana, mu sa wannan cikin darasin kimiyya, domin ɗalibinmu ne ke riƙe sandar kakarsa zuwa asibiti. Matambayi ba ya ɓata.