Hutu a Saman Dutse, Hutu a Gonar Rake

Mun san aikin da ke jiran yawancinku a makon nan. Malamin Hausa ko na Turanci zai rubuta a allo: "Yadda Na Yi Hutuna." Daga nan aji ya rabu biyu. Akwai ɗaya ko biyu da iyayensu suka kai su wani babban wurin shaƙatawa, suna ta nuna hotuna a waya. Sauran kuwa, waɗanda suka yi hutunsu a gonar rake ko fadamar tumatir, sai kunya ta kama su, wasu har su ƙirƙiri tafiyar da ba su yi ba. Yau da ɓangarorin biyu za mu yi magana.

Bari mu fara da wanda ya yi tafiya. A ce iyayenka sun kai ka Obudu, wurin shaƙatawar nan na saman duwatsu da ke Jihar Kuros Riba, dab da iyakar Kamaru. Tun a hanya darasi ya fara: ka wuce Lafiya, ka tsallake Kogin Binuwai a Makurɗi, ka ratsa ƙasar Tibi mai doya da lemo. Daga gindin dutsen zuwa otal ɗin da ke samansa akwai titi mai tsawon kilomita 11, yana ta lanƙwasa kamar maciji. A shekarar 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka ƙara wata motar da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, mai ɗaukar baƙi ta sama har ƙololuwa.

To, idan ka dawo abin da ka rubuta kawai shi ne girman gado da daɗin abinci da yawan hotunan da ka ɗauka, ka je Obudu amma ba ka gan shi ba. Tambayar da ta dace ita ce: me ya sa mutum ke neman rigar sanyi a can, alhali wurin ya fi mu kusa da tsakiyar duniya inda ake zafi? Amsar tana cikin littafinka na Jogirafi. Duk hawan mita 1,000, zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Tudun Obudu ya haura mita 1,500 daga doron teku, ya ninka tsayin ƙasar Zazzau fiye da sau biyu. Hazon da kake gani yana lulluɓe ɗakuna da safe, iska ce mai ɗauke da ruwa ta hau dutse ta yi sanyi.

Wannan sanyin shi ne ma asalin wurin. A shekarar 1951 Turawa suka buɗe shi a matsayin gandun kiwon shanu, domin tudu mai sanyi ba ya yi wa ƙudan tsando daɗin zama, shi ne kuwa mai sa wa shanu sammore. Sai daga baya masu yawon buɗe ido suka mai da shi nasu. Ɗalibin da ya dawo da wannan bayani, shi ne wanda tafiya ta zame masa mabuɗin ilimi.

Yanzu mu juyo gare ku da kuka zauna a gida. Wa ya ce muku ba ku da abin rubutawa? Kai ɗan Makarfi da ka yi makonni ana saran rake da kai, ka ga yadda ake matse shi, a tafasa ruwan har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Wannan shi ne darasin ƙafewar ruwa da malamin Kimiyya ke zana muku a allo, kai kuwa da idonka ka gani. Ke 'yar Ikara da kika taya iyayenki tsinkar tumatir, kin san dalilin da kwando ke faɗuwa warwas idan kaya suka yi yawa a kasuwa, kin san dalilin da ake yanka shi a shanya. Masu karatun Tattalin Arziki wannan suke haddacewa. Kai kuma na Kudan da Hunƙuyi, mutane nawa ne a Najeriya suka san ana noman inabi a ƙasarku? Ka bayyana musu yadda ake yi masa rumfa, da yadda ake datse rassansa.

Ku sani, mai duba takardar insha'i a jarrabawar WAEC ko NECO abin da yake nema shi ne ma'anar abin da ka faɗa, da tsarinsa, da kyawun harshe, da kiyaye ƙa'idojin rubutu. Babu maki ko ɗaya da aka ware wa tsadar otal. Labarin ƙarya kuma da wuya ya ɓuya, domin wanda bai je wuri ba sai ya yi ta maimaita "wurin yana da kyau ƙwarai" har shafi ya cika. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Kai da ka je Obudu, kada ka mai da hotunanka abin gori ga ɗan ajinku. Ka roƙi malami ya ba ka minti biyar ka nuna wa aji hanyar da kuka bi a taswira. Ku da ba ku je ba, ku yi masa tambayoyi, kada hassada ta hana ku ƙaruwa. Idan kuma kuna son ganin gari daga sama, ku nemi shugaban ƙungiyarku ta Jogirafi ya shirya muku ziyara zuwa Dutsen Kufena a Zariya ko Dutsen Dala a Kano, da izinin iyaye da rakiyar malamai.

Aikinku na wannan mako: kowa ya rubuto mana shafi ɗaya a kan abu guda da ya lura da shi a hutun nan, ko a ina ya yi shi, tare da dalilin da ya sa abin yake haka. Ku sa sunan makarantarku da ajinku. Waɗanda suka fi kyau za mu buga su a wannan shafi. Sai mun ji daga gare ku, Allah ya ba da sa'ar sabon zango.