WA KE ZAƁA WA KURA ABIN KAMU?

'Yan'uwa makiyaya, a duk lokacin da kura ta yi ɓarna a wata ruga a nan yankin Basunda, maganar farko da ke fitowa bakin jama'a ita ce a sayo guba a zuba a mushe. Mu dai ba mu goyi bayan wannan ba, kuma dalilinmu yana cikin yadda waɗannan namun daji suke farauta.

Kura, wadda Larabawan nan ke kira marfa'in, ba ta afka wa garke da ka. Takan tsaya nesa ta duba, ko ta kutsa da gudu domin dabbobi su watse, sa'an nan ta ware wadda ta ga tana ɗingishi, ko tsohuwa, ko ramammiya, ko maraƙin da ya rabu da uwarsa. Ita za ta bi har ta gaji, ta kama ta baya. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, wanda ya bi kuraye shekara da shekaru a Tanzaniya, ya nuna a littafinsa na 1972 cewa yawancin abin da suke ci su ne suka kashe da kansu, ba mushe ba ne kamar yadda ake zato.

Dila kuwa ba shi da ƙarfin kura, saboda haka 'ya'yan tumaki da na awaki yake nema, musamman lokacin haihuwa. Sau da yawa namiji da mace suke fita tare, ɗaya ya ɗauke hankalin uwa, ɗaya ya sure ɗan. A 2015 masu bincike suka tabbatar cewa wani nau'in dilan Afirka, wanda akwai shi a Sudan, ya fi kusanci da kyarkecin ƙasashen sanyi, har suka sauya masa suna. Shi ma wancan kyarkecin halinsa ke nan. A tsibirin Isle Royale na Amurka, inda aka fara bibiyarsu tun 1958, masani David Mech ya ga sun gwada manyan barewa 77, masu girman sa, amma 6 kaɗai suka kashe. Wadda ta tsaya ta fuskance su, sukan bar ta. Ƙanana da tsofaffi suka fi faɗawa hannunsu.

To, idan rarrauna da wadda ta rage baya ake kamawa, sai mu tambayi kanmu: me ke ramar da dabbobinmu har suke ragewa baya?

Iyayenmu kan tafi da garke Butana da damina, su komo kudu wajen kogin Rahad da rani, a hankali, ana kiwo ana shan ruwa ana hutawa. Tun da aka fara noman tarakta a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, gonakin dawa da riɗi suka yi ta cinye dajin Gadarif. Dokar 1970 ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, makiyayi kuwa ba shi da takarda. Burtali ya matse, wuraren hutawa sun zama gona, mashaya da dama an kewaye su. A kudu ga gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, ba a yarda a shiga ba. A gabas ga iyakar Habasha.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Domin tsoron tara, makiyayi kan kora garke da sauri tsakanin gonaki, wani lokaci har cikin dare. Garke ya miƙe kamar igiya, masu ƙarfi a gaba, masu ciki da maruƙa da guragu a can baya, ga ƙishirwa. Wannan shi ne abin da kura ke jira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.

Guba ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tana kashe karnukanmu da ke gadin ruga, tana kashe ungulu da ke share mana mushe kafin cuta ta yaɗu, tana kuma iya shiga ruwan da 'ya'yanmu ke sha. Kurar da aka kashe, wata za ta maye gurbinta muddin akwai ramammiya a baya.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jihar Gadarif da na ƙaramar hukumar Basunda da su buɗe burtali, su kafa masa alamu, su bar wuraren kwana da hafiran shan ruwa a kan hanya, su kuma kawo allurar rigakafi a kan lokaci.

Mu ma akwai namu aikin. A sa babba a bayan garke, kada a bar wa yaro. A yi shingen ƙaya mai kauri, a kwantar da ƙanana a tsakiya. A ƙirga dabbobi kafin magariba. Wadda ta kasa tafiya a yi mata magani ko a kai ta kasuwa tun tana da daraja. A ciyar da kare, a hura wuta. Kura ta san gidan mai babbar sanda.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.