Su Tsaya Su Ƙarasa Karatu

Gasar ƙwallon Amurka ta NFL ba ta ɗaukar matashi sai ya shekara uku da barin sakandare. Daga nan gwanin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran tawagar jami'a, yake shiga tsaka mai wuya: kuɗi ko karatu?

Mu dai mun ce ya tsaya. Kwatabak Andrew Luck ya ci gaba da zama a jami'ar Stanford a 2011, ya kammala digirinsa, aka kuma zaɓe shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan NFL na 2012. Da raunuka suka tilasta masa ritaya a 2019 yana ɗan shekara 29, takardarsa tana hannu. Tsoron jin rauni ba wasa ba ne, amma hujjar talauci ta yi sanyi tun 2021, da aka halatta wa ɗalibai karɓar kuɗin talla. Iyaye da dillalai, ku daina azalzalar yaran nan.