Kafin ka zargi abokin ɗakinka, ka fara tambayar kwamfutar

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Yau kaina zan tona wa asiri.

Makon jiya na kai wajen ƙarfe ɗaya na dare ina shigar da amsoshin takardun tambayoyin furojet ɗina a laftof. Barci ya sace ni ban ajiye aikin ba. Da na tashi asuba na tarar da ita a mace, na kunna, aikin awa huɗu babu shi. Soket ɗaya gare mu a ɗakin, ni da abokin zamana Bayarabe, don haka nan take na yanke hukunci: shi ya zare min caja ya jona wayarsa. Na faɗa masa maganganun da yanzu nake jin kunyarsu. Kafin azahar zancen ya kai guruf ɗinmu, har wasu sun fara "ai dama haka suke mana".

Wani ɗan'uwa da ke sashen kwamfuta ya ce, "Malam, ka duba log kuwa?" Wallahi ban ma san me yake nufi ba.

Ashe Windows na rubuta duk kunnawa da kashewa, da lokacinsu. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta eventvwr. Ka shiga Windows Logs, sai System, sai Filter Current Log, ka zuba lambobin nan: 41, 1074, 6006, 6008, 1001.

In ka ga 1074, da gangan aka kashe ta ko aka sake tayar da ita, kuma zai nuna maka manhajar da ta nemi hakan da sunan akawun ɗin. A nan ake kama sabunta Windows na tsakar dare. 6006 na nufin ta kashe kanta lafiya lau. 1001 mai ɗauke da BugCheck shi ne shuɗin allon nan. 41 da 6008 kuwa mutuwar farat ɗaya ce, ba sallama. Masu Ubuntu, ku naku last reboot ne da journalctl -b -1.

Tawa 41 da 6008 ta nuna, ƙarfe 1:52 na dare. Gaskiya fa 41 ba ya cewa ga mai laifi, wanda ya zare caja ma abin da za a gani ke nan. Lokacin ne ya wanke bawan Allah. A daidai wannan lokacin aka ɗauke wuta, ga saƙonnin mutane suna ƙorafi a guruf ɗin hostel, shi kuma yana aji karatun dare, sai wajen huɗu ya dawo. Batirina kuwa tun zangon da ya wuce ba ya riƙe minti biyu. Na sani, na yi ta ɗaga saye.

Abin da ke damuna shi ne mun saba da zato. Laftof ta mutu, sai a ce bairos ne, a kai wa mai gyara ya yi fomatin, ka biya kuɗi, fayilolinka su tafi, log ɗin da zai faɗi gaskiya shi ma ya tafi, bayan kwana uku ta sake mutuwa. Ko kuma a ɗora wa wanda ke kusa, kuma a nan wanda ke kusa galibi ba ɗan yarenka ba ne. Mu da ba mu da yawa a makarantun nan, irin wannan ƙaramar magana ce ke komawa ta ƙabilanci, alhali dubawar minti biyar ce.

Na ba shi haƙuri a gaban waɗanda na zarge shi a gabansu. Ya ce ya wuce, amma har yau a ɗakin maƙwabta yake cajin wayarsa.